Rajistar 'yan rabin aji a wata firamare ta ƙasar Argungu, zangon farko na 2024

Litinin, 9 ga Satumba

Hedimasta ya kira ni ofis da safe, ya miƙo mini rajistar rabin aji ta bara, ya ce bana ni zan riƙe ajin. Na buɗe, suna 163. Shekarata shida a makarantar nan, ajina yana jikin nasu, ban taɓa ganin yara ɗari sun taru a ɗakin ba. Da na bi sunayen da yatsa sai ga yara huɗu da ni da kaina na koyar bara a aji uku, ga kuma wata yarinya da iyayenta suka koma Jega tun kafin azumin bara. Ashe ba a share kowa, ƙari kawai ake yi shekara bayan shekara.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in dai ni za a ba ajin, a haɗa mini da sabon littafi." Ya yi dariya ya ce sabon littafi ba wuya, cika shi da gaskiya ne aiki. Mun tsaya a kan cewa ba zan rubuta sunan yaro ba sai na gan shi da idona tare da wani babba daga gidansu, kuma kowane suna zai zo da shekaru, da sunan unguwa, da yaren da ake yi a gida. Wannan da nake rubutawa yanzu littafin gefe ne, nawa na kaina, don kada in manta yadda abin ya gudana.

Alhamis, 12 ga Satumba

Mun je gidan mai unguwa ni da shugabar ƙungiyar iyaye mata da wani dattijo daga kwamitin kula da makaranta. Ya yarda sanƙira ya zaga bayan la'asar, liman kuma ya faɗa gobe bayan huɗuba. Ya tambaye ni ko rabin aji dole ne. Na gaya masa dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ita ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya zama kyauta kuma tilas, sannan manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ƙara shekara ɗaya kafin aji ɗaya, ta 'yan shekara biyar. Ya ce shi dai abin da mutane za su tambaye shi biyu ne: akwai kuɗi, kuma akwai abinci? Kuɗi babu. Abinci ma babu, don shirin ciyarwar da aka fara a 2016 na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne, bai taɓa haɗawa da rabin aji ba. Gara in faɗa tun yanzu da a zo daga baya a ce na yaudari mutane.

Talata, 17 ga Satumba

Jiya hutun Mauludi. Yau muka shimfiɗa tabarmi biyu ƙarƙashin dogon yaro muka fara rubutu. Yara 41 kafin azahar, kuma da ba don tambayar shekaru ba da mun ninka haka.

Shekarun nan su ne ƙashin aikin. Fom yana son rana da wata da shekara. Uwa kuwa tana sane sarai da ranar da ta haihu, sai dai ba da lissafin kalanda ta riƙe ta ba. In na ce shekarunsa nawa, sai a ce mini, "Ai ya isa, Malama, dube shi hwa." Cikin 41 ɗin, huɗu kaɗai suka zo da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, duk da cewa dokar 1992 ta wajabta yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Katin rigakafi ya fi yawa, kuma shi ya fi cetona, don ma'aikatan asibiti suna rubuta ranar haihuwa a samansa. Wata ta kawo nata a naɗe cikin leda uku daga ƙasan adaka, wani kuma gara ta ci daidai wurin shekarar ta bar mana rana da wata.

Dattijon kwamiti ya dage a yi yadda aka yi musu suna yara: yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. Wanda ya kamo ya isa, wanda bai kamo ba ya koma gida. Na bar shi ya gwada. Wani ɗan siriri mai dogon hannu ya kamo kunne har da ja, katinsa kuwa ya nuna bai cika huɗu ba. Wata 'yar duma-duma da ta fara famfara, giɓi biyu a gaba, ta yi ta miƙa hannu bai kai ba, har ta fashe da kuka. Na ce, "Baba, kunnen nan zai sa mu kori manya mu ɗebi jarirai." Bai ji daɗi ba, amma ya bar zancen.

Laraba, 18 ga Satumba

Daren jiya na zauna na tsara kalandar abubuwan da kowa a ƙasar nan yake tunawa, na rubuta a bayan kwali:

Zaɓen shugaban ƙasa, Fabrairun 2019. Babbar Sallah da rufe boda, duka a Agustan 2019. Bikin kamun kifi na Argungu, wato su na Matan Fada, da aka dawo da shi bayan kusan shekara goma ba a yi ba, Maris 2020, sai korona da rufe makarantu a ƙarshen wannan watan, sai azumin da aka yi cikin kulle. Ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama, Agusta zuwa Satumban 2020. Buɗe boda, Disamban 2020.

Lissafin sai ya zo da sauƙi. Wanda aka haifa kafin rufe boda ya cika biyar. Wanda ya zo tsakanin rufe boda da ambaliya ɗan huɗu ne. Wanda aka haifa bayan ruwa ya janye bai wuce uku ba. Wanda kuwa ya riga ya fara zama ko rarrafe lokacin zaɓe, wannan ya doshi shida, aji ɗaya ya kamata ya nufa.

Yau na gwada, kuma ya yi aiki fiye da yadda na zata. Mace ba za ta ce miki 2020 ba, amma za ta ce, "Ina da cikinshi wata bakwai anka yi su a Matan Fada, shi ya hana ni zuwa kallo." Wata ta ce ranar sunan ɗiyarta a kwalekwale aka kawo ragon. Matar wani ɗan kasuwa da ke bin hanyar Kamba ta ce ba za ta manta ba, tana wankan jego aka rufe boda, kayan maigidan suka maƙale a can ɓangaren, aka yi suna ba armashi. Inda ake samun tangarɗa shi ne ambaliya, don an sake yin wata a 2022, boda ma an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Dole in riƙa tambaya: wadda aka yi shekarar korona, ko ta baya? In an rikice sai in koma ga jerin haihuwa, wa ya sha nono bayan wa, an yaye wannan kafin a sami cikin wancan ko kuwa. Kakanni sun fi iyaye iya wannan.

Laraba, 25 ga Satumba

Mun kai 112. Na rufe rubutu na kwana biyu don in tace.

Matsalar suna ta ba ni dariya, ta kuma ba ni wahala. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Wata ta zauna gabana tana ta murmushi tana kallon ƙasa, "Wanga dai, Malama," har sai da maƙwabciyarta ta faɗa mini. Wani yaron kuma an rubuta shi sau biyu: ranar Talata kakarsa ta kawo shi da sunan Mai Sunan Malam, ranar Alhamis ubansa ya kawo shi da sunan yanka. Ban gane ba sai da na kira suna ya amsa sau biyu, kowanne da ƙarfinsa. Irin wannan uku na kama, kuma 112 ɗin bayan an cire su ne. A'isha goma sha ɗaya gare ni, Muhammadu tara. Yanzu kowane yaro ina rubuta sunan yanka, da sunan uba, da sunan da ake kiransa a gida, don shi na ƙarshen ne kaɗai yake waiwayowa in an kira.

Ga yadda suka kasu: 'yan shekara biyar 46, 'yan huɗu 38, 'yan uku zuwa ƙasa 19, waɗanda suka kai shida ko suka wuce 9. Taran nan na kai su aji ɗaya da hannuna. Saura 103, mata 55, maza 48.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Yawan matan nan ya tsaya mini a rai. Na je na duba rajistar aji biyar da shida, can maza sun kusan ninka mata. To ina matan suke zuwa, tunda a ƙofar shiga su ne kan gaba?

Amsar tana zaune a bayan ajina. Cikin 19 ɗin nan ƙanana, kusan dukkansu ba su zo da ƙafarsu ba, goyo ne. Yarinya 'yar biyar ta zo da ƙani a baya, zanen goyon ya zagaye ta sau biyu. Na lura da wata yau: ina rera musu ƙirga, tana bi, tana jijjiga na bayanta, da ya yi kuka ta fita ba ta nemi izni ba, ta ba shi kunu daga wata 'yar gora, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa don in ya sake ta fita da sauri. Allonta yana hannu, amma rabin hankalinta yana bayanta. Uwar tana gida tana turara shinkafa, aikin da ba ya son yaro kusa da wuta. Ita a wurinta makarantar ta yi amfani biyu. Yarinyar da ta shigo a matsayin mai reno, ranar da aka ga ta iya riƙe tire da canji, talla za ta ɗauke ta. Ba na ce kowa haka ba ne, amma na ga hanyar da ake bi a ɓace.

Na kai wa shugabar iyaye mata maganar, na ce ina tunanin mayar da 'yan ukun gida. Ta ce, "Ɗiyata, in kin kori ƙanen kin kori yayyen. Ba mai bar miki babbar ta zo ita ɗai." Gaskiyarta. Mun shirya cewa mata biyu daga ƙungiyar za su riƙa zama da ƙananan a ƙarƙashin bishiya daga takwas zuwa sha ɗaya, suna karɓa-karɓa. A rajista na ware musu shafi daban, ban haɗa su da 'yan aji ba.

Ko da an cire su, yara 84 ne a ɗaki ɗaya, ni da wata 'yar sa kai da ta gama NCE, takardar shaidar malanta, a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana jiran aiki. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya yara 25. Na rubuta takarda ta hannun hedimasta ina neman ƙarin malama ɗaya da tabarmi shida.

Litinin, 14 ga Oktoba

Shafin yare ya cika. Cikin 103: Hausa 71, Zabarmanci 14, Fulatanci 11, Dakarci 3, Yarbanci 2, Ibo 1, Nufanci 1. Hausawan ma ba iri ɗaya ba ne, akwai Kabawa, da Arawa, da Gobirawa, da 'ya'yan Sarkawa na bakin gulbi, sai gida huɗu da rashin tsaro ya koro daga yankin Zamfara, suna zaune a wani kango bayan makabarta. Waɗannan ba kati ba takarda, komai an baro shi a can. Kalandata ma ba ta yi musu aiki sosai ba, don su da ranar da aka tashi garinsu suke lissafi.

'Ya'yan Zabarmawa da na ma'aikatan da suka zo daga ƙasar Zuru suna jin Hausa kamar kowa. Ɗan mai shagon magani ma, Ibon nan, Kabancinsa ya fi nawa. Inda aiki yake shi ne yaran ruga. Shida daga cikin sha ɗayan ba sa jin Hausa sai "zo" da "tafi". Ƙa'ida ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, to a ajina wanne ke nan? Mako uku wani yaro bai ce uffan ba, har na fara rubuta shi cikin masu matsalar ji. Ranar Alhamis yayarsa ta aji huɗu ta leƙo ta taga ta yi masa magana da Fulatanci, sai ga baki ya buɗe kamar rediyo. Na goge abin da na rubuta, kunya ta kama ni. Yanzu ina aron yarinyar minti goma bayan tara, ni ma na koyi ƙirga zuwa biyar: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Da na faɗa a gaban aji dariyar da yaran rugar suka yi ita ce muryarsu ta farko da na ji a tare.

Mai matsalar jin na gaske yana nan, ɗaya ne, uwarsa ta ce tun sanƙarau. Na sa shi a gaba. Akwai biyu masu sikila, marayu bakwai.

Talata, 29 ga Oktoba

Kiran suna ya fara ba ni labarin da rajista ba ta bayarwa. Makon farko na Oktoba ana samun 70 da 'yan kai cikin 84. Kwanakin nan 52, 49, ranar kasuwa 38. An shiga yankan shinkafa, gida duka ake tafiya fadama tun asuba, ba mai tsayawa wanke yaro ya rako shi. Zazzaɓin ƙarshen damina shi ma ya kwantar da wasu. Na fara sa ɗigo ja a gaban duk wanda ya yi kwana biyar a jere bai zo ba, ranar Asabar in bi gidajen. Na je tara. Gida uku zazzaɓi, huɗu fadama, ɗaya an ce silifas ya tsinke kuma yarinyar ta ƙi zuwa ba takalmi, ɗaya kuma uban ya ce makarantar allo ta safe ta fi masa. Da shi mun daidaita: ya yi ta asuba, ya zo mana ƙarfe tara. Na yarda, rabin rana ya fi babu.

Tabarmi uku sun iso. Maganar malama shiru.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Fom ɗin ƙidayar makarantu ya zo, wanda ake tattarawa ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a kai Birnin Kebbi. Yana neman yawan yara aji aji, maza da mata, shekaru, masu takardar haihuwa, masu buƙata ta musamman. Duk ina da su a hannu, ban yi minti arba'in ba na cika nawa shafin.

Sai wani daga cikin manyan malamanmu ya duba ya ce, "Malama, bara 163 muka kai, bana ki kai 103? Za a ce makaranta ta mutu. Da lamba ake rabon benci da littafi." Ban raina maganarsa ba, don ba don aljihunsa yake faɗa ba, kuma haka aka saba. Na ce masa, "Malam, in na rubuta 163, ranar da mai duba makarantu ya shigo ya ƙirga 50, wa zai yarda da ni in na ce ina neman malama? Ɗari da ukun nan kowanne zan iya kai mutum ƙofar gidansu." Muka je gaban hedimasta. Ya daɗe yana juya fom ɗin, ya ce a bar shi yadda na rubuta, amma in haɗa da takardar bayanin dalilin raguwar, in sa hannu da sunana. Na gane abin da hakan ke nufi: in ta yi ruwa rijiya, in ta ƙi, masai, kuma ni ce a ciki. Na sa hannu.

Masu takardar haihuwa 12 na rubuta. Masu katin rigakafi 37. Sauran 54 shekarunsu daga kwalina suka fito, na kuma sa alamar fensir a gefen kowanne don wanda zai gaje ni ya san ƙiyasi ne.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ardo ya aiko a gaya mini gida uku za su tashi da shanu su yi kudu, wajen Yauri, sai damina. Yara biyar ke nan, har da mai bakin rediyo. Na je rugar da yamma. Na tambaye shi ko akwai makarantar makiyaya inda za su sauka, tunda hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 don irinsu aka yi ta, har da masunta masu ƙaura. Ya ce inda suke zuwa ba su taɓa zama kusa da ita ba. Na rubuta wa kowane yaro 'yar takarda: sunansa, shekarunsa, ajinsa, abin da ya iya, da hatimin makaranta, ko Allah zai sa su dace da wata. Uwar ɗayan ta naɗe ta ta cusa cikin ƙwaryar da take ajiye katin asibiti.

Sarkawa biyu ma sun bi iyayensu, ruwa ya ja baya an koma inda kifi yake. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda zan yi da sunayensu. In na share, na yi musu korar da ba su nema ba. In na bari yadda suke, na fara gina irin rajistar da na tarar. Na ja sabon layi a ƙarshen shafi na rubuta masa "sun yi tafiya", da ranar tashi da watan da ake sa ran dawowa. Ba sa cikin kiran suna, ba sa cikin lissafin masu zuwa, amma suna cikin littafi.

Alhamis, 5 ga Disamba

An gama yankan shinkafa, aji ya sake cika: 68 yau cikin 77 da suka rage. Sanyi ya sa ba sa isowa sai rana ta ɗaga, na mayar da kiran suna ƙarfe tara saura kwata. Yarinyar nan mai goyo yanzu tana ajiye ƙanen wurin matan bishiya ta shigo hannu sake. Ta rubuta 1 zuwa 10 a allo, bakwai ɗinta yana kallon hagu da dama yadda ya ga dama.

Ma'aikacin rajistar haihuwa da ke zama a asibitin gari ya yarda ya zo makaranta mako na biyu bayan an dawo hutu, in muka tara iyayen a rana ɗaya. Shugabar iyaye mata ta ɗauki unguwar gabas da bakin gulbi, ni na ɗauki bayan makabarta da ruga. Sunaye 91 ne a jerin, na kwafe su sau biyu, ɗaya nata ɗaya nawa. Ma'aikacin ya ce kowa ya zo da katin rigakafi in akwai, wanda ba shi da shi kuma in zo da kwalin.